Gioachino Rossini: mutumin da ya sa Turai dariya, sannan ya yi shiru na shekara 39

A daren 20 ga Fabrairun 1816, a gidan wasa na Argentina da ke birnin Roma, an yi wa wani matashi ɗan shekara 23 ihu tun daga farkon wasansa har ƙarshe. Ana ba da labarin cewa ɗaya daga cikin mawaƙan ya yi tuntuɓe ya fasa hanci, wata kyanwa kuma ta hau dandali ana tsakiyar waƙa. Matashin shi ne Gioachino Rossini. Wasan kuwa shi ne Il barbiere di Siviglia, wato Wanzamin Sevilla, wanda bayan shekara fiye da 200 yana cikin wasannin opera da aka fi nunawa a duniya.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa, makaɗa suna zaune a ƙasan dandali, mawaƙa suna sama ba tare da makirufo ba. Akwai ta baƙin ciki, ta sarakuna da yaƙi da mutuwa, akwai kuma ta barkwanci, wadda Italiyawa ke kira opera buffa. Ita wannan ta talakawa ce: bara mai wayo, tsoho mai rowa, budurwar da aka kulle a gida. Mu da muka tashi a Gouna muna jin wasannin ƙungiyar Zinder ta su Yazi Dogo a rediyo, ko muka ga yadda ake kwaikwayon manya a wasan kara na Damagaram, ba baƙin waɗannan mutane ba ne. Harshe ne kawai ya bambanta.

An haifi Rossini a garin Pesaro na gaɓar tekun Italiya ranar 29 ga Fabrairun 1792, ranar da sai bayan shekara huɗu take zagayowa. Mahaifinsa Giuseppe mai busa ƙaho ne a ƙungiyar makaɗan gari, kuma ya taɓa shan ɗauri saboda goyon bayan Faransawa 'yan juyin juya hali. Mahaifiyarsa Anna mawaƙiya ce, da muryarta ta ciyar da gidan a wancan lokaci. Yaron ya girma a bayan labulen ƙananan gidajen wasa, ya shiga makarantar kiɗa ta Bolonya a 1806, kuma a 1810, yana ɗan shekara 18, aka nuna wasansa na farko a birnin Venis.

Aikin ba na jin daɗi ba ne. Mai gidan wasa yakan ɗauki mawaƙa tukuna, sannan ya kawo mai tsara kiɗa ya ba shi makonni kaɗan. Don haka Rossini yakan fara sauraren maƙogwaron da ke gabansa, sai ya yanka waƙa daidai da shi, kamar tela da ya auna mutum kafin ya taɓa yadi. Wanzamin Sevilla cikin ƙasa da mako uku ya rubuta shi, kiɗan buɗe wasan ma ɗauko shi ya yi daga wani tsohon aikinsa. Ba ya jin kunyar hakan, ya sha yi.

Ihun daren farko yana da dalili. Wani dattijon mai tsara kiɗa, Giovanni Paisiello, ya riga ya yi opera a kan wannan labari tun 1782, kuma magoya bayansa sun ɗauki aikin yaron a matsayin rashin kunya. Ba a daɗe ba jama'a suka juya, aka koma tafi, har wasan Paisiello ya kusa ɓacewa.

Labarin, wanda marubucin Faransa Beaumarchais ya fara kawowa dandali a 1775, ba zai yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba. Wani tsohon likita, Bartolo, yana riƙon wata marainiya mai suna Rosina, yana so ya aure ta don dukiyarta ta zauna a hannunsa. Wani matashin basarake, Almaviva, yana sonta amma ya ɓoye matsayinsa. Mai shiga tsakani shi ne Figaro, wanzamin gari, mai aski da magani da kai saƙon masoya, wanda babu gidan da ba ya shiga. Duk wanda ya san yadda wanzami yake a garuruwanmu, ya san Figaro.

Abin da ya kamata mai sauraro ya riƙe shi ne, a wannan wasa murya ita ce hali. Ko mutum bai ji Italiyanci ba, kunnensa zai gaya masa waye wane. Almaviva yana da muryar namiji mai tashi sama, siririya mai sauri, wadda ake kira tenor, muryar saurayin da soyayya ta ɗebe. Manuel García ɗan Sifen ne ya fara rera ta. Figaro bariton ne, muryar tsakiya, mai kauri amma sakakkiya, kuma waƙar da yake shigowa da ita, inda yake yabon kansa da yadda kowa ke kiransa lokaci ɗaya, tana buƙatar numfashin ɗan tsere. Bartolo da abokin makircinsa Basilio suna da muryar ƙasa, wato bas. Sai Rossini ya ɗauki wannan murya mai nauyi, da aka saba ba wa sarakuna da limamai, ya tilasta mata furta kalmomi da gudu kamar mai ƙirga kuɗi a kasuwa. A nan dariyar take: dattijo mai ji da kansa yana haki, harshe yana neman ya kuɓuce masa.

Waƙar Basilio kuma a kan ƙazafi take. Yana koya wa Bartolo yadda ake ɓata sunan mutum, kiɗan ya fara a hankali kamar raɗa, yana maimaita abu ɗaya, kayan kiɗa suna ƙaruwa, har ya fashe kamar aradu. Wannan hawa na sannu-sannu shi ne tambarin Rossini. Na ji waƙoƙi da yawa a kan gulma, har da ta Ɗanmaraya Jos, amma ban ji inda kiɗan da kansa ya zama gulmar kamar nan ba.

Rosina ita ce wadda aka fi yi wa gardama. Rossini ya rubuta ta ne don Geltrude Righetti-Giorgi, mai muryar mace ta ƙasa, kontralto, murya mai duhu da ɗumi. Da irin wannan murya Rosina mace ce da ta san abin da take yi, ita ke juya mazan gidan. Daga baya mawaƙa masu siririyar murya ta sama, soprano, suka karɓe rawar, aka ɗaga waƙar, aka cika ta da kwalliya, sai Rosina ta koma 'yar tsana mai kukan tsuntsu. Conchita Supervia a shekarun 1920, sannan Teresa Berganza da Marilyn Horne da Cecilia Bartoli, su ne suka mayar da ita inda mai ita ya ajiye ta. A ganina ta ƙasan ta fi, domin wadda za ta kuɓuta daga auren dole da dabararta ba ta dace da muryar yarinya ba. Sai dai wanda ya ji Pretty Yende 'yar Afirka ta Kudu, wadda soprano ce, tana wannan rawa, zai iya yi mini musu, kuma yana da hujja.

Akwai wani wasan nasa da mai karatu Musulmi zai kalla da ido biyu. L'italiana in Algeri, na 1813, labarin wata Ba'italiya ce da ta faɗa hannun Mustafa, mai mulkin Aljiyas, ta mayar da shi abin dariya. Kiɗan yana da daɗi ƙwarai, amma hoton Musulmin da ke ciki na zanen barkwancin Turawan wancan zamani ne, rawani da wauta. Masu shirya wasa na yau suna fama da wannan, wasu su mayar da labarin zamanin yanzu, wasu su bar shi yadda yake. Wanda yake so ya ga shiri mai tsabta, ya nemi na Bafaranshe Jean-Pierre Ponnelle tare da Claudio Abbado, na Wanzamin da na La Cenerentola, wanda aka fara nunawa a 1817. An ɗauke su a fim, kuma a ciki kowane motsin ƙafa yana tafiya da kiɗa.

Daga 1815 ya yi aiki a Napoli, inda ya rubuta manyan wasanni marasa barkwanci don mawaƙiya Isabella Colbran, wadda ya aura a 1822. A wannan shekarar ya gana da Beethoven a Viyana, kuma an ruwaito cewa dattijon ya shawarce shi ya tsaya ga barkwanci. Yabo ne mai ɗan ƙaya a ciki. A 1824 ya koma Faris, a watan Agustan 1829 aka nuna Guillaume Tell, opera ta 39 da ya rubuta. Yana da shekara 37, babu mai tsara kiɗa da ya kai shi suna a Turai. Bai sake rubuta opera ba har ya mutu.

Juyin juya halin 1830 ya kifar da sarkin Faransa da ya yi masa alkawarin fansho, sai da ya yi shekaru yana shari'a kafin ya samu. Mahaifiyarsa ta rasu a 1827, abin ya taɓa shi sosai. Salon waƙa ma ya canza, an fara son tenor mai ƙarfin ƙirji, abin da kunnensa bai so ba. Ga rashin lafiyar jiki, ga ciwon damuwa mai tsanani da ya hana shi barci da sukuni na tsawon shekaru. Olympe Pélissier, wadda ya aura a 1846 bayan rasuwar Colbran, ita ta yi jinyarsa, ta mayar da shi Faris a 1855. A can ya farfaɗo, gidansa ya zama majalisar mawaƙa duk ranar Asabar, yana rubuta ƙananan kiɗe-kiɗe da yake kira zunuban tsufa, ya kuma yi suna wajen son abinci, har akwai gasasshen nama da ake kira da sunansa.

Ya rasu ranar 13 ga Nuwamban 1868 a Passy, gefen Faris, yana da shekara 76. A 1887 aka mayar da gawarsa cocin Santa Croce da ke Firenze. Mafi yawan dukiyarsa ya bar wa Pesaro don a gina makarantar kiɗa, wadda har yau take ɗauke da sunansa, kuma tun 1980 garin ke yin bikin wasanninsa duk watan Agusta.