Babban Gwani, maginin Zariya

Yara, kun san ƙasar da ake kwaɓawa a Madarunfa a yi tubali da ita. Da irin wannan ƙasa wani mutum ya yi aikin da har yau ake zuwa kallo. Sunansa Muhammadu Durugu, amma an fi saninsa da Babban Gwani. Ya yi zamani a ƙarni na 19, a ƙasar Hausa ta Najeriya.

Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shi ne ya sa shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Aikin da wuya. Ana son ɗaki mai faɗi wanda zai ɗauki jama'a da yawa, ga shi kuwa azara ba ta da tsawon da za ta ƙetare shi. Sai Babban Gwani ya tada ginshiƙai masu kauri. Daga jikinsu ya riƙa jera azarar giginya, wannan ta ɗan zarce wannan, yana ɗaurewa yana shafe su da ƙasa, har suka lanƙwasa suka haɗu a sama. Wannan shi magina ke kira bakan gizo. A bisansu ya ɗora tulluwan rufi.

Ƙarfi kaɗai bai ishe shi ba, yana son ido ma ya ji daɗi. In ka tsaya a tsakiya, abin da ke damanka shi ke hagunka, ba ɓangaren da ya rinjayi wani. Siffa guda yake maimaitawa, baka bayan baka, har ido ya bi su ya kai sama. A jikin ginshiƙai ya yi zane da ƙasar kanta: dogayen layuka, da'ira, da siffa mai kusurwa 3. Bai cika bango da ado ba. Yakan bar wuri fili, don zanen da ke kusa ya fito.

To, launi fa? Maginan wancan zamani ba su da fentin gwangwani. Suna da jar ƙasa, da farar ƙasa, da makuba wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Babban Gwani ya san abin da ya fi fenti arha, wato haske da inuwa. Inda zane ya tudu, haske ya faɗa masa ya yi fari. Inda ya zurfafa, sai ya yi duhu. Fari kusa da baƙi kuwa, kowane yana ƙara fito da ɗan'uwansa. Ku gwada da alli bisa allo, za ku gani.

Sunansa ya kai nesa. Ya gina wa Madakin Bauci gida a Kafin Madaki wajen 1860, kuma a 1956 aka sa gidan cikin kayan tarihin Najeriya. Ana ba da labari cewa Sarkin Birnin Gwari ya sa ya yi masa gini, da ya gama sai aka kashe shi, don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Wannan rowa ce mai muni.

A shekarun 1970 an tada sabon gini na siminti ya lulluɓe tsohon masallacin Zariya. A gidan tarihi na Jos kuma an gina kwatankwacinsa da ƙasa. A birnin Zariya akwai unguwa mai suna Babban Gwani.