Likita Itard da Yaron Daji

An haifi Jean Itard a garin Oraison, kudancin Faransa, a 1774. Ya koyi aikin likita a asibitin soja, a 1800 kuwa aka naɗa shi likitan makarantar kurame ta birnin Paris.

A wannan shekara ce aka kama wani yaro tsirara a dajin Aveyron, mai kimanin shekara 12. Ba ya magana, ba ya kula da mutane, sai ya zauna yana rangaji. Babban likitan masu taɓin hankali, Philippe Pinel, ya duba shi ya yanke ba zai taɓa koyon kome ba. Itard bai yarda ba. Ya karɓe shi ya raɗa masa suna Victor, wata mata, Madam Guérin, ta riƙe shi kamar ɗanta.

Shekara biyar Itard yana fama. Ya kan gutsuttsura darasi ƙanana ƙanana, ba ya wucewa gaba sai na baya ya zauna. Da fari yaron ya koyi haɗa zane da ainihin abin, sa'an nan siffa da irinta, daga nan haruffa. Har ya kai ga jera haruffa huɗu na kalmar madara da Faransanci in yana son sha.

Wata rana Itard ya gane yaron ya ɗauka kalmar littafi sunan littafi guda ne tak, watau wanda a ke nuna masa kullum. Bai ɗora wa yaro laifi ba, dabararsa ya zarga. Sai ya shiga kawo littattafai iri iri har ma'anar ta fito. Abin da ya ci da wanda ya faskara duk ya rubuta cikin rahotanni biyu, na 1801 da na 1806.

Victor bai iya magana ba har ya mutu a 1828, abin ya kuwa dami malaminsa. Itard ya mutu a 1838, amma almajirinsa Édouard Séguin ya ɗora a kan aikin, Maria Montessori kuma ta ɗebo daga gare su. Masana da dama na ganin Victor yana da lalurar da a ke kira otizim, wadda Leo Kanner ya bayyana a 1943. Rarraba darasi, da maimaici, da yawaita misalai, da rubuta sakamako, har yau su a ke bi.

To, 'yan'uwa, in an tura ku makarantun ƙasar Nguru ko Gashuwa, za ku tarar da yaron da aka ce ƙwaƙwalwarsa ba ta ja. Kada ku mai da shi bayan aji. Ku gwada dabara, ku rubuta abin da kuka gani, in ba ta ci ba ku sake wata.