Tarihin Alice Milliat, Wadda Ta Buɗe Wa Mata Filin Tsere

An haifi Alice Milliat a birnin Nantes na ƙasar Faransa cikin 1884. Ta yi aure a Landan tana da shekara 20, amma bayan shekara huɗu mijin ya rasu. Da ta koma gida sai ta duƙufa ga tseren kwalekwale, har cikin 1915 aka ba ta shugabancin wata ƙungiyar wasannin mata a Paris.

A zamanin nan manyan Turai suna ganin guje-guje da tsalle-tsalle ba aikin mace ba ne. Baron de Coubertin kansa, watau wanda ya farfaɗo da Wasannin Olamfik, yana kan wannan ra'ayi. Cikin 1919 Alice ta roƙi shugabannin Olamfik su ba mata wuri, suka ƙi.

Zomo kuwa ba ya kamuwa daga zaune. Cikin 1921 ta kafa ƙungiyar wasannin mata ta duniya. Ran 20 ga Agusta, 1922, ta tara mata daga ƙasashe biyar, watau Faransa, da Ingila, da Amurka, da Suwizalan, da Cekosulobakiya, suka yi gasarsu a Paris, jama'a dubbai suna kallo. Aka sāke yi a Siwidin cikin 1926.

Ganin abin ya karɓu, sai waɗanda suka rufe ƙofa suka nemi sulhu. A Olamfik na Amsterdam, cikin 1928, aka yardar wa mata wasa biyar kaɗai: tseren mita 100, da na mita 800, da tseren miƙa sanda, da tsallen sama, da jifan faifai. Matan Ingila suka raina wannan rabo, suka ƙi zuwa. Sa'an nan jaridu suka baza cewa mita 800 ya galabaitar da mata, aka soke shi, bai komo ba sai 1960.

Saboda haka Alice ta ci gaba da gasarta, a Prague cikin 1930, da Landan cikin 1934. Daga baya ƙungiyar maza ta karɓe ragamar wasannin mata, tata ƙungiyar ta mutu.

Ta rasu a Paris cikin 1957, ba wanda ya kula. Sai cikin 2021 aka kafa mutum-mutuminta a gidan kwamitin Olamfik na Faransa, kusa da na Coubertin.