DOMINICK LABINO (1910–1987): INJINIYAN DA YA BUƊE WA ƊALIBAI ƘOFAR HURA GILASHI

Gabatarwa

Ni mutumin Bida ne, kuma tun ina yaro nake ratsa unguwar Masaga, inda ake narka fasassun kwalabe a mayar da su awarwaro da duwatsun ado. Sau da yawa nakan tsaya a bakin ƙofa ina kallon wuta da masu aiki, amma ban taɓa sa rai zan koyi wannan sana'a ba, domin a wurinmu gadonta ake yi, wanda ba ɗan gida ba sai dai ya kalla ya saya. Da na zo jami'a sai na tarar abokaina na sashen zane-zane suna aiki da fenti da laka da itace da ƙarfe, amma babu mai taɓa gilashi a cikinsu. Wannan ne ya sa na shiga neman sanin yadda aka yi a wasu ƙasashe ɗalibi yake shiga aji ya koyi hura gilashi kamar yadda ake koyon ginin tukunya. A cikin wannan nema na ci karo da sunan Dominick Labino, wanda nake so in kawo wa mai karatu taƙaitaccen tarihinsa.

Haihuwarsa da Aikinsa

An haifi Dominick Labino a shekarar 1910 a jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Ya yi karatu a Kwalejin Fasaha ta Carnegie da ke birnin Pittsburgh, sannan ya kama aiki da kamfanin Owens-Illinois a masana'antarsu ta yin kwalaben madara. Daga baya ya koma yankin Toledo a jihar Ohio, birnin da ake yi wa laƙabi da garin gilashi saboda yawan masana'antunsa. A can ya duƙufa kan zaren gilashi, wato gilashin da ake ja ya yi siriri fiye da gashin kai, a yi amfani da shi wajen tare zafi da sanyi. Ya yi ta samun ci gaba har ya zama mataimakin shugaba kuma daraktan bincike a sashen zaren gilashi na kamfanin Johns-Manville. Ya mallaki takardun shaidar ƙirƙira fiye da 50, kuma an yi amfani da wasu daga cikin zaren da ya ƙirƙiro wajen kare kumbon Apollo daga tsananin zafi da sanyi na sararin samaniya.

Duk da wannan matsayi, Labino mutum ne mai son aikin hannu. Yakan halarci darussan yamma a makarantar Gidan Adana Kayan Fasaha na Toledo, kuma a nan ne ya san wani matashin malamin ginin tukwane mai suna Harvey Littleton, wanda ya koyar a wurin daga 1949 zuwa 1951 kafin ya koma Jami'ar Wisconsin.

Abin da Ya Tsare Ƙofa

Kafin mai karatu ya gane girman abin da Labino ya yi, ya kamata ya san dalilin da ya sa gilashi ya daɗe a hannun 'yan kaɗan. Tun a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa aka gano hura gilashi a yankin Siriya da Falasɗinu: mai aiki zai ɗebo narkakken gilashi a bakin dogon bututun ƙarfe, ya hura iska ta ɗaya bakin, yana juya bututun har abin ya kumbura ya zama kwalba ko kofi. Amma samar da narkakken gilashin shi ne babban aiki. Ana haɗa yashi da sinadarin soda da farar ƙasa, kuma haɗin yana buƙatar zafin da ya kai wajen digiri 1,400 na ma'aunin Salshiyas. Irin wannan wuta tana cin makamashi dare da rana, saboda haka sai masana'anta mai kuɗi da tarin ma'aikata ke iya riƙe ta.

Bayan tsada kuma akwai ɓoye sirri. A Italiya, an mayar da tanderun gilashi na Venice zuwa tsibirin Murano a shekarar 1291, aka kuma kafa dokar hana gwanayen sana'ar barin ƙasar don kada su fitar da asirinta. A masana'antun zamani ma, mai zane daban yake da mai hurawa: ɗaya ya zana a takarda, ɗaya ya aiwatar. Ɗalibin fasaha ba shi da hanyar da zai riƙe bututu da hannunsa.

Taron Toledo na 1962

Littleton, wanda mahaifinsa masanin kimiyya ne a kamfanin gilashi na Corning, ya yi imanin cewa mutum ɗaya zai iya narka gilashi ya hura a ƙaramin ɗakin aikinsa. Daraktan gidan adana kayan fasaha na Toledo, Otto Wittmann, ya ba shi wani gareji a harabar gidan, inda aka yi taron koyon aiki a watan Maris na 1962. Mahalartan 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu masu ginin tukwane ne.

Tun a kwanakin farko al'amarin ya nemi ya ruguje, domin haɗin da suka zuba bai narke yadda za a iya hura shi ba. A nan ne ilimin Labino ya yi rana. Ya ba da shawarar a gyara tanderun, a cire tukunyar da ake narkawa a ciki a bar gilashin ya kwanta a cikin tanderun kansa. Sannan ya kawo 'yan ƙwallayen gilashi masu lamba 475, irin waɗanda kamfaninsu yake yin zare da su, waɗanda suke narkewa ba tare da wahala ba kuma suna daɗin sarrafawa. Da haka aka samu gilashin da ya huru. Wani tsohon ma'aikacin masana'anta da ya yi ritaya, Harvey Leafgreen, ya zo ya nuna musu yadda ake riƙe bututu da juya shi. An sake irin wannan taro a watan Yuni na shekarar.

Masu iya magana suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Littleton yana da buri da ɗalibai, Labino yana da sanin wuta da sinadarai, Leafgreen kuma yana da hannu. Abin da ya fi burge ni shi ne, Labino babban ma'aikacin masana'anta ne, wato yana cikin waɗanda aka saba gani suna riƙe irin wannan ilimi, amma ya miƙa shi ga waɗanda ba su da ko tanderun kirki.

Abin da Ya Biyo Baya

Ƙaramin tanderu mai sauƙin ginawa shi ne ya ba jami'o'i damar buɗe ajin gilashi. Littleton ya fara koyar da shi a Jami'ar Wisconsin, kuma zuwa 1963 darasin ya zauna da gindinsa. Ɗalibansa suka bazu da shi: Marvin Lipofsky ya kai shi Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a 1964, Sam Herman ya kai shi Kwalejin Fasaha ta Masarauta da ke Landan, Dale Chihuly kuma yana cikin waɗanda suka kafa makarantar gilashi ta Pilchuck a jihar Washington a 1971. Ta haka ɗalibin fasaha ya samu sababbin hanyoyin cin abinci: ya koyar, ko ya buɗe ɗakin aikinsa, ko ya yi wa gine-gine ado.

Shi kansa Labino bai tsaya a ba da shawara ba. A 1963, yana da shekara fiye da 50, ya fara hura gilashi da hannunsa a gonarsa da ke Grand Rapids ta jihar Ohio, kuma a 1965 ya ajiye aikin kamfani ya rungumi wannan. Shi yake haɗa gilashinsa da launukansa, ya kuma ƙera tanderu da kayan aiki da murhun da ake sa gilashi ya huce a hankali, domin idan ya huce da sauri tsagewa yake yi. Ya yi suna da jerin ayyukan da ya kira Emergence, inda launuka suke lulluɓe cikin garai-garai ɗin gilashi, da kuma wani bangon gilashi mai launuka mai suna Vitrana da ya yi wa gidan adana kayan fasaha na Toledo. Haka kuma ya binciki yadda mutanen Masar na dā suke yin 'yan kwalabe tun kafin a gano hurawa, ya buga sakamakon a 1966. Wannan ya ja hankalina ƙwarai, domin Masagawan Bida ma suna danganta asalinsu da Masar. A 1968 ya fitar da littafinsa mai suna Visual Art in Glass. Ya rasu a Grand Rapids a shekarar 1987 yana da shekara 76.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, darasin da na ɗauka daga rayuwar wannan mutum shi ne, sana'a tana faɗaɗa ne idan mai sani ya yarda ya koyar da wanda ba nasa ba. A ƙasarmu muna da yashi, muna da fasassun kwalabe a kowace kwata, muna da tsofaffin gwanaye a Masaga, kuma ana koyar da fasahar gilashi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Abin da ya haɗu a garejin Toledo bai wuce irin waɗannan ba: malamin fasaha, da masanin kimiyya, da tsohon mai sana'a. Ina kira ga sassan zane-zane da na kimiyyar sinadarai a jami'o'inmu su zauna tare su gina ko da ƙaramin tanderu ɗaya, su kuma gayyato dattawan Masaga cikin girmamawa da biyan haƙƙinsu, tun waɗanda suka san aikin suna raye. Idan aka yi haka, yaron da yake tsaye a bakin ƙofa yana kallon wuta, kamar yadda na tsaya a dā, zai samu damar shiga ciki ya riƙe bututu.