Karl Paul Link, Malamin da Ya Mai da Maganin Ɓera Maganin Mutane

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke neman abinci a nan Kudu, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Ibadan, ko Fatakwal, suna da wani dattijo a gida wanda likita ya ɗora a kan wata 'yar ƙwaya da a ke kira warfarin. Mutumin Gombe, alal misali, ya bar mahaifinsa ya yi ritaya yana zaune a unguwar Federal Low-Cost, ƙarshen wata ya aika da kuɗin magani, wani lokaci ma ya sayi ƙwayar a kantin magani a Ikko ya ba direba ya kai. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wannan ƙwaya da ke tsare mutum daga shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, a matsayin maganin ɓera aka fara sayar da ita. Yau za mu kawo wa masu karatu tarihin Baturen da aka gano ta a ɗakin bincikensa, domin wanda ya san asalinta ba zai yi wasa da ita ba.

An haifi Karl Paul Link ran 31 ga Janairu, 1901, a wani gari mai suna La Porte cikin jihar Indiyana ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa limamin coci ne, asalinsu Jamusawa, su goma aka haifa a gidan. Cikin 1918 ya shiga Jami'ar Wiskonsin da ke birnin Madisan, ya karanta ilmin haɗa sinadarai a sashen aikin gona, ya sami digirinsa na farko a 1922, na dakta kuma a 1925. Daga nan ya haye Turai ƙaro ilmi, ya zauna wurin manyan malamai a Sikotilan da Ostiriya da Suwizalan, sa'an nan ya komo jami'arsa a 1927 ya kama koyarwa. Ya auri Elizabeth Feldman a 1930, suka haifi 'ya'ya maza uku. Shi dai ba likita ba ne, ba kuwa likitan dabbobi ba. Sinadaran da ke cikin tsirrai su ne sana'arsa, kuma shanu ne suka ja shi zuwa ga sha'anin jini.

Tun wajen 1920 wata cuta ta addabi manoman arewacin Amurka da na Kanada. Saniya lafiyayya sai ta ji ɗan rauni, ko a yi wa bijimi dandaƙa, ko a yanke masa ƙaho, jini ya yi ta zuba bai tsaya ba har rai ya fita. Wasu kuwa a ciki jinin ke tsiyaya, sai dai a wayi gari a tarar da su a kwance. Wani likitan dabbobi na Kanada, Frank Schofield, ya gano cewa laifin na harawa ne. Akwai wata ciyawa mai ƙamshi, dangin wake, da Turawa ke kira sweet clover, ita su ke yanka su adana wa dabbobi don lokacin sanyi, kamar yadda mutanenmu ke ajiye harawar wake da ta gyaɗa don rani. In ta sha laima ta yi fumfuna, sai ta zama dafi. Amma mene ne a cikinta ke hana jini daskarewa, babu wanda ya sani.

Wata Asabar cikin Fabrairu, 1933, ana tsakiyar zubar ƙanƙara, sai ga wani manomi mai suna Ed Carlson ya iso Madisan daga ƙauyen Deer Park, tafiyar wajen mil 190, watau ta ɗan ɗara tsakanin Gombe da Jos. Ya ɗauko mushen karsana, da garwar madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa, da tulin ruɓaɓɓiyar harawa. Likitan dabbobi na gwamnati ya zo nema, ya tarar ofis a rufe, sai ya faɗa ginin da ya samu a buɗe, inda Link ya ke tare da wani almajirinsa, Eugen Schoeffel. Zamanin kuwa na matsanancin talauci ne a Amurka, manomi ba shi da kuɗin sayen wata harawa. Abin da Link ya iya gaya masa shi ne ya daina ba shanun wannan abinci, a kuma ƙara wa marasa lafiyan jini, abin da mutumin ya riga ya sani kuma ba shi da halin yi. Haka ya juya gida hannu banza. Abin ya tsaya wa malami da almajiri a rai ƙwarai, suka ɗaura aniyar sai sun ga bayan wannan dafi.

Aikin ya ci shekara shida. Da zomaye su ke gwaji: a tace harawar, a ba zomo abin da aka tace, a ɗebi jininsa a duba daƙiƙa nawa ya ke yi kafin ya daskare. Ran 28 ga Yuni, 1939, da asuba, wani almajirin Link mai suna Harold Campbell ya ga ƙwayoyin dafin tsantsa a ƙarƙashin madubin bincike, nauyinsu bai wuce miligiram 6 ba. Mark Stahmann ya ci gaba da tacewa har aka tara abin da zai isa a yi nazari, Charles Huebner kuma ya gane sifarsa ya haɗa irinsa a ɗakin bincike cikin Afrilu, 1940. Aka sa masa suna dikumarol. Ashe sinadarin da ke ba ciyawar ƙamshi, wanda a ke kira kumarin, ba ya hana jini daskarewa. Fumfuna ce ke juya shi ya zama dafi. Nan da nan likitoci suka ga amfaninsa, domin akwai marasa lafiya da yawa waɗanda matsalarsu ita ce jini na yin guda a cikin jijiya. A 1941 an riga an fara ba mutane dikumarol a asibiti.

Link da almajiransa ba su tsaya nan ba, suka haɗa 'yan'uwan wannan sinadari fiye da 100, kowanne da lambarsa. Cikin 1945 tarin fuka ya kwantar da shi wata da watanni a asibitin masu tari. Yana kwance ya shiga karanta tarihin yaƙi da ɓeraye, sai ya lura da dalilin da ya sa a ke shan wuyarsu. Ɓera yana da wayo, in ya ɗanɗana abu ya ji ba daɗi nan take, ba ya sake kusantarsa. Dafin da ke aiki a hankali cikin kwanaki kuwa, ɓera ba zai gane daga ina ciwon ya zo ba, zai yi ta ci. Da ya sami sauƙi aka zaɓi lamba ta 42, wadda ta fi dikumarol ƙarfi, aka fito da ita kasuwa a 1948 a matsayin maganin ɓera. Haruffa huɗu na farkon sunan warfarin daga sunan gidauniyar bincike ta tsofaffin ɗaliban jami'ar aka ɗauko su, wadda ta ba da kuɗin aikin, ƙarshen sunan kuma daga kumarin.

Da fari likitoci sun ƙi yarda su ba mutum abin da a ke kashe ɓera da shi. A 1951 sai wani saurayi da aka ɗauka soja ya sha maganin ɓeran da yawa da nufin halaka kansa, aka kai shi asibiti, aka yi masa magani da bitamin K, ya warke sarai. Wannan ya nuna cewa dafin yana da makari. Aka yi gwaje-gwaje, a 1954 hukuma ta yarda a ba mutane. Cikin Satumba, 1955, ciwon zuciya ya kama Shugaban Amurka, Janar Eisenhower, a birnin Denba, warfarin na cikin magungunan da aka ba shi. Ya tashi, ya sake cin zaɓe a 1956, bai rasu ba sai 1969. Tun daga nan tsoron maganin ya ragu a duniya.

An ba Link lambar girma ta Lasker har sau biyu, a 1955 da 1960. Mutum ne mai kafiya da kaifin baki, ba ya shakkar hukumar jami'a, har ya ware kuɗinsa don kare ɗaliban da suka shiga matsala saboda ra'ayinsu na siyasa. An kuma yi saɓani tsakaninsa da Stahmann a kan rabon yabon aikin. Ya yi ritaya a 1971, ya rasu a Madisan ran 21 ga Nuwamba, 1978, da ciwon zuciya, yana da shekara 77. A shekarar ce kuma waɗansu malamai na jami'ar suka bayyana ainihin yadda maganin ke aiki: hanta tana bukatar bitamin K don ta yi abubuwan da ke daskarar da jini, warfarin kuwa yana hana jiki sabunta bitamin ɗin.

To, jama'a, a nan ne tarihin ya shafe mu. Likita kan ba da warfarin ga wanda zuciyarsa ke bugawa ba bisa tsari ba, domin jini kan taru a cikinta ya yi guda, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Ga irin waɗannan, maganin yana rage haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku. Ana ba wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe, da wanda jini ya yi wa guda a ƙafa ko a huhu. Amma tsakanin abin da ke tsare mutum da abin da ya kashe shanun Carlson tazara kaɗan ce, kuma ba a ganinta da ido. Sai da gwajin jini da a ke kira INR, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1983. Ga yawancin marasa lafiya ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa, jini na iya yin guda, in ya haura, yana iya ɓallewa. Saboda haka ɗan da ya aika wa mahaifinsa ƙwaya daga Ikko bai gama aikinsa ba sai ya haɗa da kuɗin gwaji da na mota, ya kuma bi sawu ya tabbata an je wurin likita, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko inda aka rubuta maganin. A duba lambar miligiram da ke jikin kwali, kada a dogara da launin ƙwaya, domin launin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Sai maganar abinci. Bitamin K da ya ceci sojan nan yana da yawa cikin koren ganye, irin su alayyafo da zogale da rama, da ugu da ewedu da mu ke ci a nan Kudu. Ba a ce a daina cin su ba, abin da a ke so shi ne a riƙe ma'auni ɗaya. Dattijon da ya saba da miyar kuɓewa a gida, ya zo ziyara Kudu ya yi wata guda yana shan miyar ganye safe da yamma, gwajinsa na iya sauka. Haka nan in damina ta faɗi ganye ya yawaita, ko azumi ya zo cima ta sake, ya kamata a sanar da likita.

Magungunan kanti su ne babban haɗari. Asfirin, da ibuprofen, da diclofenac da a ke sha don ciwon jiki, in aka haɗa su da warfarin suna iya sa ciki ya yi ta zubar da jini. Shi asfirin likita kan ba wanda ya taɓa yin ciwon zuciya, amma hanyar aikinsa dabam ce, ba ya maye gurbin warfarin, kuma ba a haɗa su sai da izininsa. Flagyl da Septrin suna ƙara wa warfarin ƙarfi, rifampicin na tarin fuka kuwa yana rage masa. Jiƙo da garin magani na gargajiya ba a san abin da za su yi masa ba sai an ga sakamako a jiki, gara a bar su. A sha ƙwayar a lokaci ɗaya kullum, in an manta ta jiya kada a ninka ta yau, kada kuma a daina don an ji sauƙi. Kafin a zauna gaban wanzami don ƙaho ko sakiya, ko a je cire haƙori, a faɗa cewa ana shan ta. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta gaya wa likita tun da wuri, domin warfarin na nakasa ɗan tayi.

Alamun da ba a kwana da su a gida su ne haɓon da ya ƙi tsayawa, jini daga dasashi, fitsari ja, bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, aman jini, da ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya. Wanda ya faɗi ya bugu a ka, ko daga kan babur ne ko a banɗaki, a kai shi asibiti ko da ya ce ba ya jin kome. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan ma sai asibiti a cikin sa'ar.

Daga 2008 zuwa 2012 sababbin magunguna sun fito, dabigatran da rivaroxaban da apixaban, waɗanda ba su bukatar gwajin INR a kai a kai, sai dai sun fi tsada, kuma su ma suna sa zubar jini. Ga mai ƙofar zuciya ta ƙarfe ba su dace ba. Wani babban bincike da aka bayyana a 2022 ya nuna cewa ga waɗanda zazzaɓin gaɓoɓi na ƙuruciya ya lalata wa ƙofar zuciya har bugunta ya rikice, cutar da ta yi yawa a ƙasashenmu na Afirka, tsohon maganin ya fi rivaroxaban tsare rai. Ke nan fiye da shekara 40 bayan rasuwar Link, iyayenmu da ƙannenmu na nan suna rayuwa da abin da ya faro daga garwar jinin wani manomi. Mai wani a gida da ke shan wannan ƙwaya, in ya buga waya a makon nan ya tambaya yaushe aka yi gwajin ƙarshe, kuma nawa ya nuna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.