Harold Gillies: Likitan da Ya Shekara Uku Yana Gyaran Hanci Ɗaya

A Rafin Guza in ka ce an yi wa wani tiyatar hanci, tambayar farko ita ce ko ɗan fim ne. In ka ƙara da cewa karo na biyu ke nan, sai a ce kuɗi ne suka yi masa yawa. Amma mutumin da ake ɗauka uban wannan fanni, Harold Gillies, da sojojin da bam ya ɗebe wa fuska ya fara, kuma a wurinsa komawa kan hanci ɗaya sau uku ko sau biyar shi ne ainihin tsarin aikin.

An haife shi ranar 17 ga Yuni 1882 a garin Dunedin na ƙasar New Zealand. Ya karanci likitanci a Cambridge da asibitin St Bartholomew's na Landan, ya ƙware a kunne da hanci da maƙogwaro, irin aikin da ake yi a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna. Gwanin golf ne, ya kuma tuƙa wa jami'arsa kwalekwale a gasar 1904. Irin ɗaliban nan dai da ba ka san yaushe suke karatu ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya canja masa hanya. A 1915 ya je Faransa, inda sojoji ke faɗa daga cikin ramuka, kai kawai ke leƙowa, saboda haka fuska ce ke shan harsashi. Abin da yawancin likitoci suka iya shi ne su jawo bakin rauni su ɗinke. Mutum zai rayu, amma babu hanci, baki a karkace. Bayan ya ga aikin wani likitan haƙori, Charles Valadier, da na Hippolyte Morestin a Paris, sai ya koma Ingila ya matsa wa hukumar soja har ta ba shi sashe na musamman a Aldershot a 1916. Da kuɗin aljihunsa ya sayi takardun da za a liƙa wa masu raunin fuska don a turo masa su. Yaƙin Somme kaɗai ya kawo masa kusan mutum 2,000. A 1917 aka buɗe asibitin Queen's a Sidcup, inda aka yi tiyata fiye da 11,000 ga mutum fiye da 5,000. Ka raba da kanka: kowane majinyaci ya haura sau biyu.

Wanda ya fi jan hankalina a cikinsu shi ne Laftanar William Spreckley, da ya rasa hancinsa kusa da Ypres a Janairun 1917. Gillies ya gane cewa hanci hawa uku ne: shimfiɗar ciki, guringuntsin da ke riƙe shi, sai fatar waje. In ka rufa fata kawai, to za ta yamutse ta faɗa ciki. Sai ya yanko guringuntsi daga haƙarƙarin Spreckley ya dasa a ƙarƙashin fatar goshinsa, ya bar shi wata shida ya kama, sannan ya juyo da shi tare da fatar zuwa gurbin hanci. Abin da ya fito da farko, wallahi sai ka ce hancin dabgi, har abokan aikinsa suka yi dariya. Bai ruɗe ba. Ya jira kumburi ya sace, ya rage nama, ya sake jira, ya sake sassaƙa. Sai a Oktoban 1920 aka sallami Spreckley da hancin da ba zai sa kowa ya waiwayo a titi ba. ('Yan ajin ƙarshe da ake dawo wa da babi na biyu na firojet da jan biro, ku yi haƙuri, ba a kanku farau ba.)

Me ya sa tsinin hanci ke da wahala haka? Wasu siraran guringuntsi biyu ne ke ɗauke da shi, fatar wurin kuma ta fi ta karan hanci kauri, shi ya sa kumburinsa ke iya kai shekara kafin a ga ainihin siffarsa. Kowace tiyata tana barin tabo a ciki, tana kuma rage hanyoyin jini. Guringuntsin tsakiyar hanci in an riga an ɗiba, sai a nemo na kunne ko na haƙarƙari. Har yau likitoci kan ce wa mai son a sake masa aiki ya dakata kamar shekara guda.

Wannan haƙuri kuma da tsada ya saye shi. Henry Lumley matuƙin jirgin sama ne da wuta ta cinye wa fuska a 1916. Gillies ya ɗauko babbar fata daga ƙirjinsa don ya rufe fuskar gaba ɗaya a lokaci guda, alhali jikin bai murmure ba. Dashen bai kama ba, Lumley ya mutu a Maris 1918. Ka tuna lokacin babu penisilin. Daga nan Gillies ya riƙe ƙa'idar raba babban aiki kashi-kashi, da jinkirta duk abin da zai iya jira. Ni a ganina wannan ya fi duk dabarun wuƙarsa muhimmanci.

Kar wani ya ce labarin Turawa ne kawai. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cin naman baki da hanci, da aka buɗe a 1999. Yaron da ya tsira kan sha tiyata hawa-hawa, a ɗauko fata daga wani sashe na jikinsa, a jira, a dawo da shi a gyara. Sawun Sidcup ne ake bi.

Gillies ya fitar da littafinsa kan tiyatar fuska a 1920, aka ba shi sarautar Sir a 1930, ya horar da ɗan uwansa Archibald McIndoe da ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu. Yana da shekara 78 bai ajiye wuƙa ba. A Agustan 1960 shanyewar ɓarin jiki ta same shi yana tsaka da yi wa wata yarinya aiki a ƙafa, ya mutu a Landan ranar 10 ga Satumba.