Bernardino Ramazzini: Likitan da Ya Duba Hannun Mai Haɗa Magani

Idan ka shiga kantin magani, ko ɗakin magani na asibiti, abin da yake zuciyarka shi ne lafiyarka, ko ta wanda ka baro kwance a gida. Da wuya ka tuna da lafiyar mutumin da yake tsaye a bayan kanta yana ƙirga ƙwayoyi. Kai za ka sha maganin na 'yan kwanaki ne, gwargwadon yadda likita ya rubuta. Shi kuwa kullum yana taɓa shi, yana shaƙar ƙurarsa, shekara da shekaru, ba tare da an auna masa ba. Fiye da shekara 300 da suka wuce, wani likita a ƙasar Italiya ya lura da wannan al'amari, ya rubuta shi a littafi. Sunansa Bernardino Ramazzini.

An haife shi a shekarar 1633 a wani ƙaramin gari mai suna Karpi, a arewacin Italiya. Ya yi karatu a jami'ar Parma, inda ya sami shaidar zama likita a shekarar 1659. Daga nan ya tafi Roma ya ƙara ƙwarewa, sannan ya kama aiki a wasu ƙauyuka da ke arewa da birnin. Yankin yana da fadamu da sauro, don haka zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya tilasta masa komawa gida. Bayan ya warke, sai ya koma birnin Modena da zama a shekarar 1671. A shekarar 1682 aka naɗa shi farfesan ilimin likitanci a jami'ar birnin.

Abin da ya sauya akalar aikinsa ya faru ne a cikin gidansa. A Modena a wancan zamani, akan kwashe masai na kowane gida duk bayan shekara uku. Wata rana aka zo kwashe na gidan Ramazzini. Sai ya ga mai aikin yana ta gaggawa a cikin ramin, kamar ana korarsa. Tausayi ya kama shi, ya tambaye shi dalilin da ya sa ba zai yi a hankali ba don kada ya gaji. Mutumin ya ɗago kai ya bayyana masa cewa duk wanda ya wuce awa huɗu a cikin irin wannan rami, to yana sayen makanta ne. Da ya fito, likitan ya duba idanunsa, ya ga sun yi ja wur, sun dushe. Daga baya ya gano cewa da yawa daga cikin makafin da suke bara a titunan birnin, wannan aiki suka yi a da.

Wani likitan da ya ji haka, da sai ya ba mutumin maganin ido ya sallame shi. Ramazzini kuwa sai ya fara tambayar kansa, shin sana'o'i nawa ne suke cin masu yin su a ɓoye? Likitocin zamaninsa suna ganin ƙasƙanci ne su shiga wuraren aiki masu ƙazanta da wari. Shi bai damu ba, domin ya san gani ya kori ji. Ya shiga maƙera, da majema, da wurin masu gina tukwane, da na masu yin madubi. Ya zauna da ma'aikata, ya saurare su. A shekarar 1700 ya fitar da littafinsa da harshen Latin, mai suna De Morbis Artificum Diatriba, wato nazari a kan cututtukan masu sana'a. Ya raba musabbabin cututtukan gida biyu: na farko, miyagun abubuwan da ma'aikaci yake taɓawa ko yake shaƙa, na biyu, yanayin tsayuwa ko zama ko motsin da aikin yake tilasta wa jiki. Ya kuma shawarci likitoci da su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka gada tun daga tsohon likitan Girka, Hippocrates, wato su tambayi marar lafiya irin aikin da yake yi. Idan likita ya taɓa yi maka wannan tambaya, to ka san asalinta yanzu.

Sai dai abin da ya fi dacewa ka lura da shi a littafin shi ne, Ramazzini bai tsaya a kan maƙera da masu haƙar ma'adinai ba. Ya sanya masu aikin lafiya su ma a cikin jerin waɗanda aikinsu yake cutarwa. Ya ware babi guda don masu haɗa magunguna. A lokacin babu masana'antun magani irin na yau. Mai kantin magani shi yake daka saiwoyi a turmi, ya tankaɗe, ya dafa, ya tace. Ramazzini ya nuna cewa masu haɗa maganin barci daga ofiyom sukan yi ta gyangyaɗi da kasala. Masu daka wani ƙwaro mai dafi, wanda ake amfani da garinsa don tayar da bororo a fata, sukan sami matsalar fitsari saboda ƙurar da suke shaƙa. Masu sarrafa kwartowa, wata 'yar duma mai tsananin ɗaci, sukan yi fama da murɗar ciki da zawo, alhali ba su sha ta ba. Ka ga ke nan magani ba ya tambayar wanda aka rubuta wa shi. Duk jikin da ya samu ya shiga, aikinsa zai yi.

Babin da ya fi ban tsoro shi ne na masu shafa zaiba. Zaiba ita ce ƙarfen nan mai kama da ruwan azurfa, wanda ake gani a cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. A wancan zamani da man zaiba ake maganin ciwon tunjere. Akan zaunar da marar lafiya kusa da wuta, a yi ta murza masa man a jiki, sau da yawa. Manyan likitoci sukan guje wa wannan aiki, su bar shi ga ƙanana masu neman abin sakawa a baki. Su kuwa sai hannuwansu su fara rawa, jiri ya riƙa ɗibarsu. Abin lura a nan shi ne, masu aikin suna sa safar hannu ta fata, amma ba ta hana komai ba. Ramazzini ya bayyana dalili: zaiba tana ratsa fata, har ma da fata ake tace ta idan ana so a tsarkake ta. Ban da haka, zafin wutar yana tayar da tururinta, ya shiga ta hanci da baki, inda safar hannu ba ta da iko.

To, mene ne mafita? Ramazzini ya yaba wa dabarar wani likita da ya sha wahalar aikin har ya gane ribar ba ta kai hasarar ba. Wannan likita yakan haɗa man, sannan ya tsaya gefe ya umarci marar lafiya ya shafa da hannunsa. Ta haka maganin yana zuwa ga mai bukatarsa kaɗai. Dabarar tana da sauƙi, amma a kanta aka gina tsarin kare ma'aikata na yau: a fara da raba mutum da abu mai haɗari, kafin a dogara ga abin da zai sa a jikinsa.

Kada ka ɗauka wannan tsohon labari ne da ya wuce tare da man zaiba. Magungunan ciwon daji na zamaninmu suna aiki ne ta hanyar kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, kuma ba sa bambanta jikin marar lafiya da na mai jinya. A shekarar 1979 wasu masu bincike a ƙasar Finlan suka sami alamun irin waɗannan sinadarai a fitsarin ma'aikatan jinya masu haɗa su. A shekarar 2004 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da gargaɗi tare da jerin magunguna masu haɗari ga ma'aikatan lafiya. Shi ya sa a asibitin da yake bin ƙa'ida, ake haɗa su a cikin wani akwati na musamman mai zuƙe iska yana tace ta. Mai haɗawa yana sa safar hannu biyu, irin waɗanda aka gwada aka tabbatar maganin ba ya saurin ratsa su, yana kuma sauya su a kai a kai. Ba a farfasa irin waɗannan ƙwayoyi a fili, ba a cin abinci a wurin, kuma sharar su tana da mazubi na dabam.

A shekarar da littafin ya fito, aka gayyaci Ramazzini zuwa jami'ar Paduwa, wadda take cikin manyan makarantun likitanci na Turai a lokacin. Ya tafi yana da shekara kusan 67. A ƙarshen rayuwarsa idanunsa suka mutu, shi da ya fara wannan bincike saboda idanun wani, amma bai daina koyarwa ba. A shekarar 1713 ya sake fitar da littafin tare da ƙarin babi 12, har sana'o'in da ya yi bayani a kansu suka haura 50. An fassara shi zuwa harsunan Turai da dama, kuma saboda shi ne ake kiran Ramazzini uban ilimin lafiyar ma'aikata. Ya rasu a Paduwa ranar 5 ga Nuwamba, 1714, sakamakon bugun jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 81. A shekarar 1982 masana suka kafa wata ƙungiya ta duniya mai nazarin lafiyar ma'aikata da muhalli, suka sa mata suna Collegium Ramazzini, kuma a Karpi, garin da aka haife shi, take gudanar da taronta na shekara-shekara.